Ƙasar da Baba Bai Zaɓa Ba

Tsakanin gonarmu da ta Baffa, yayan mahaifina, babu komai sai layin gamba da wata 'yar hanya da akuya biyu ba sa jerawa a kanta. Ruwan da ya sauka a can shi yake sauka a nan. Amma ka shiga kasuwar garinmu ka ce zoɓon Kan Marmara kake nema, kowa zai nuna maka gidan Baffa. Tamu gonar ko suna ba ta da shi. In za a kwatanta ta sai a ce "ta ƙasan Marmara," kamar macen da ba a san ta ba sai an ambaci maƙwabciyarta.

Da can duk gona ɗaya ce, ta kakanmu. Sama tudu ne, ƙasa ja mai tsakuwa, dutsen marmara na kwance a ƙarƙashi, in fartanya ta sare shi har ƙara take yi. Ruwa ba ya kwana a wurin, da an ɗauke ya gangaro mana. Dawa ba ta yi, gero sai a shekarar da Allah ya so. Don kada wurin ya zauna haka ne kakarmu ta riƙa watsa gurguzu, wato irin yakuwa, ta samu na miya. Sai ga shi yakuwar ba ta tsayi, da ƙyar take kai ƙugu, 'ya'yanta ƙanana, amma jansu har ya yi baƙi-baƙi. Matan unguwa suka fara aiko ƙoƙo in za su yi suna. Daga nan sunan ya fara.

Dalilin kuwa kowa da nasa. Kaka har ta rasu cewa take addu'ar mijinta ce. Tsofaffin majalisa suka ce maƙeran da ne suka narka tama a wurin, don har yau akan tono baƙin kashin maƙera in ana huɗa. Malamin da ya koyar da mu aikin gona a sakandare cewa ya yi shuka in ta sha wuya takan tattara ƙarfinta a 'ya'ya. Ni duk wanda ya yi daidai a cikinsu bai dame ni ba. Abin da ya dame ni yadda wurin ya fita daga hannunmu.

Da kakanmu ya rasu, bayan an fitar wa goggonninmu nasu a wata gonar, wannan ta rage tsakanin Baffa da Baba. A gidanmu babba ne yake raba, ƙarami ya zaɓa, don kada a ce an yi masa ƙarfa-ƙarfa. Baffa ya ja layi, sama da ƙasa, ya ce wa ƙaninsa bismillah. Baba ko tunani bai yi ba ya nuna ƙasa, baƙar ƙasa mai laushi da take cika rumbu. Mutane har tausaya wa Baffa suka yi, aka ce babba ya yi haƙuri ya ɗauki dutse. Lokacin zoɓo kayan mata ne, ba a auna shi a buhu. Wa ya san za a zo ana loda shi a mota daga Dawanau zuwa ƙasashen waje, ko a ce bikin birni bai cika ba sai da shi a robobi masu sanyi?

Na sha tambayar Baba ko ya taɓa yin da-na-sani. Amsarsa ɗaya ce, wai in nuna masa ranar da muka kwana da yunwa. Gaskiyarsa ce, kuma wannan gaskiyar tana ba ni haushi.

Baffa yana da 'ya da ta girme ni kaɗan, Yaya nake ce mata. Tare muka yi firamare, ita ta tsaya nan, ni na ƙarasa sakandare. Ita ce mai dafa zoɓon gidansu. Ni ma da na gama makaranta na kama sana'ar, da namu zoɓon. Namu dogo ne, ganye har ya yi yawa, 'ya'yan manya-manya, amma in aka dafa jan ba ya kamawa, tsamin kuma yana yankar maƙogwaro. Sai na cika masa citta da kanumfari da ɓawon abarba kafin ya shawu. Ana saye, ban ce ba a saye ba. 'Yan makaranta da masu jiran mota suna sha su jefar da leda. Na Yaya kuwa waya ake yi mata daga birni tun biki da saura wata.

Abin da ya fi ci min rai ba cinikin ba ne. Maganar da ake yi ce. Kowa sai ya ce Yaya tana da hannu. Hannun Yaya, hannun Yaya. Ruwa take zubawa ta tace ta sa sukari, ni na sha tsayawa a kanta, babu wani sirri. Ita ma ta yarda da zancen, tana wani lanƙwasa yatsu in tana tacewa. Wata rana ta ɗanɗani nawa ta ce, cikin dariya, in mura ta kama ta za ta aiko a saya mata. Na ce mata ko jaki aka ba wa zoɓon Marmara zai yi suna. Ta ce to in nemo jakin mu gani. Da na kai wa Inna ƙara, sai ta ce min in bi a hankali, hassada ga mai rabo taki ce. Na ce ai gonar tasu ma ba ta son taki, ta bar ni in yi abata.

Ɓarar zoɓo aikin gayya ne a wurinmu. In gida ya yanko nasa, matan dangi suke taruwa a gindin bishiya su raba jan da ƙwallon irin, hannu na ƙaiƙayi, yatsu su rine. Ba a cewa ba za a je ba. Ina zaune a ƙofar gidan Baffa ina ɓarar zoɓon da ba nawa ba, sai ga wani Alhaji daga Dawanau, cikin masu tura kaya waje, wanda duk shekara shi yake kwashe abin da Yaya ta rage. Aka shimfiɗa masa tabarma nesa da mu kaɗan. Ya ɗebi zoɓon a tafin hannu yana shinshinawa, daga nan ya shiga ba Baffa labarin zuwansa Faransa baje kolin kayan gona.

Ya ce abokan cinikinsa sun ɗauke shi sun kai shi wata gonar inabi da ake ji da ita a duk ƙasar. Giya suke yi da inabin, ya nemi tsari, ya rantse ko kofin bai taɓa ba, Baffa ya ce mun yarda, Alhaji, ci gaba. Ya ce ya zaci zai ga ƙasa baƙa mai maiƙo, sai ya tarar da tsakuwa zalla, wadda a nan ko kyauta aka ba ka sai ka yi fushi. Gonar ta fi kakannin kakanninsu tsufa. An yi yaƙe-yaƙe, masu ita sun sauya, sunanta bai sauya ba. Wani sarkinsu na da ya sa aka jera gonakin yankin daraja-daraja, ita tana sahun farko, kuma har yau jerin nan ake bi. Sun haƙa rami sun sa gilashi don baƙo ya ga yadda ƙasar take hawa-hawa, yadda saiwa take ratsa tsakuwa tana neman ruwa. Mutane daga nesa suke zuwa su ɗauki hoto a bakin ƙofa kawai su koma. Abin da ya fi ba shi mamaki, ya ce, akwai wata 'yar hanya a gefen gonar, tsallakenta ma inabi ne, iri ɗaya, rana ɗaya, amma ba wanda ya san mai ita.

Ya juya ya nuna tudu ya ce wa Baffa, da a Faransa tudun nan yake da yanzu an kafa masa allo. Mata suka yi ta dariya, Yaya ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Ni ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Alhaji, shi na tsallaken hanyar, yaya yake yi?"

Ya waigo yana neman mai maganar. "Wa fa, 'yata?"

"Maƙwabcin. Wanda ba a sani ba."

Ya ce, "Wallahi ban tambaya ba."

Inna ta mintsine ni a cinya har sai da na ji a ƙashi. Amma na samu abin da nake so. Mutumin da ya haye teku ya faɗa a gaban kowa cewa ƙasa ce take yi. Turawan ma da suka ƙware a yabon kai ba su ce hannun wance ba, rami suka haƙa suka nuna tsakuwa.

Na ƙudurta sai na nuna wa garinmu haka. A al'ada, in ana son aron gona, uba ne yake zuwa ya yi magana. Na san Baba ba zai je ba, zai ga kamar ya koma yana lashe zaɓinsa. Don haka da bazara ta yi nisa na tari Baffa da kaina yana gyaran garma, na durƙusa na gaishe shi, na ce ina son ya ara min 'yan kunyoyi a Kan Marmara, damina ɗaya. Ya tambaye ni ko ubana ya san na zo. Na ce zai sani in na koma. Ya yi dariya har da tari, ya ce tun ina goye ya san bakina zai riga ƙafata zuwa ko'ina. Ya ba ni na gefen gabas, ya tuna min sharaɗin da kowa ya sani: ba a dasa bishiya a gonar aro, kuma in an girbe akan kai wa mai gona ɗan abin godiya.

Baba ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwata da kyau. Amma da ruwa ya sauka shi ya kai shanu ya yi min huɗar. Na lura ya daɗe tsaye a saman tudun yana kallon gonarsa daga can.

Na ƙi karɓar irin Yaya ko da ta yi min tayi. Namu gurguzun na shuka, na gonar ƙasa, don kada gobe a ce iri ne. Na yi wahala a daminar nan. Tsakuwa ta farfasa min dunduniya, kuma ga yakuwar ta ƙi tashi. Tamu ta ƙasa ta kai kafaɗa tana sheƙi, wadda na shuka a sama tana nan a tsugune, ganye ƙanana, kamar mai jinya. Sau da yawa na yi niyyar ɗebo takin akuya in zuba mata, sai in tuna in na yi haka na ɓata shaidata. Yaya takan biyo ta wurin ta tsaya, ta ce, "Malama, ya ɗalibai? Sun ƙi girma ko?" Nakan ce mata ta jira sakamako.

Da kaka ta yi, 'ya'yan suka fito ƙanana, masu kauri, ja mai duhu. Irin gidanmu ne, wanda tun ina yarinya nake gani fari-fari a gonarmu. Ban kira gayya ba, ni kaɗai na ɓare abina na shanya a kan rufin ɗaki. Ranar da ya bushe na ɗebi kaɗan na jiƙa a ruwan zafi, ba citta, ba kanumfari, ba komai. Ruwan ya rine har ba a ganin gindin kofi. Na kurɓa. Tsamin ya zo a hankali, bai yanke ni ba, da ya wuce sai wani ɗan zaƙi ya biyo baya kamar na busasshiyar magarya, alhali ban sa sukari ba. Na zauna a kan turmi riƙe da kofin. Na yi zaton zan yi murna, kuma na yi, amma ba ta daɗe ba, don a lokacin na gane abin da muke rasawa duk shekara, kuma tazararsa da ƙofar gonarmu bai wuce taku kaɗan ba.

Na kai wa Baffa nasa na godiya. Saura in nuna wa duniya.

Damar ta zo da bikin 'yar wata Hajiya a cikin birni, tsohuwar mai sayen zoɓon Yaya, irin gidajen nan da suka san abinci, waɗanda in suka yaba abu zancen yake zagaya dangi. Aikin ya yi wa Yaya yawa, ta nemi in taya ta. Na ce zan je, amma da nawa zoɓon, a tawa tukunyar, kuma ba za ta sa min hannu ba. Ta ce ita dai a cika robobi.

A bayan gidan bikin muka yi dahuwar, tukunyarta a nan, tawa a can. Da muka tace, Hajiya ta fito da kanta, mace mai jiki, ƙamshin turare na riga ta isowa. Ba ta san akwai tukunya biyu ba. Ta miƙa kofi, ni da nake kusa na zuba mata nawa. Ta kurɓa ta lumshe ido, ta sake kurɓa, sannan ta wuce ni kamar ba ta ga mutum ba, ta dafa kafaɗar Yaya ta ce bana hannun nan nata ya fi na kowace shekara, Allah ya tsare mata shi daga bakin mutane.

"Hajiya, nawa ne," na ce. "Ni na shuka, ni na ɓare, ni na dafa."

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Yaya ta yi saurin cewa gaskiya ne, ƙanwarta ce, ko cokali ba ta sa a tukunyar ba. Da ta yi shiru ma da ya fi min, da na samu abin riƙewa a kanta.

"A ina kika noma?"

"A Kan Marmara."

"To ai shi ne. Na gidansu ne." Ta miƙo min kofin in riƙe mata. "Ki gode wa Allah da ya ba ki yaya mai koya miki. Wasu ɓoyewa suke yi."

Ta shige ciki. Ina tsaye da kofinta a hannu, na ji tana gaya wa ƙawayenta su ɗanɗani zoɓon yarinyarta ta Marmara. Aka zuba nawa da na Yaya a robobi iri ɗaya, aka jera a ƙanƙara, ni kaina ban ƙara gane wanne ne wanne ba. Har aka tashi ina jin ana kiran Yaya ana karɓar lambar wayarta.

A mota da za mu koma ta yi ta ƙoƙarin ja na da hira. Ta ce ita fa ta yarda, ƙasa ce, na ci gardama, in ina so ta faɗa a gaban matan gida. Na ce ta riƙe abinta. Me zan yi da gardamar? Da hannu ne, ai hannu ana koyonsa, zan iya zama in nace har in fi ta. Ƙasa kuwa tana nan inda take, kuma an riga an raba tun kafin a haife ni. Na yi daminar nan duka ina tabbatar wa kaina abin da ba ni da maganinsa. In na yi mai kyau sunansu ne, in na yi da sunana na 'yan jiran mota ne.

Na koma dafa namu na ƙasa don ciniki, sai ga wata matsalar. Harshena ya lalace. Da can in na cika citta nakan ce ai haka nake son abina. Yanzu duk kurɓa sai na ji gurbin abin da babu.

Da bazara ta zagayo Baffa ya aiko a kira ni. Ya ce kunyoyin suna nan in ina so, bana da baɗi da duk shekarar da nake da ƙarfi, don ya ga na kula da su. Ya ƙara da cewa in na girbe sai in kawo a haɗa a buhunsu, Alhaji zai kwashe gaba ɗaya, a ba ni rabona, tunda mai saye sunan gona yake tambaya. Magana ce ta adalci, ban samu inda zan kama shi ba. Duk gidan nan haka suke, ba sa ba mutum dalilin jin haushinsu, sai dai ya ji shi haka nan.

Na ce kunyoyin na karɓa, na gode. Buhu kuwa a'a.

Ya tambaye ni to wa zan sayar wa. Na ce ba kowa.

Haka nake yi har yau. Ina noma gefen gabas na Kan Marmara, in kai wa Baffa na godiyarsa, sauran in ɗure a tulu in rufe a ɗakina. Na kasuwa daga gonar Baba nake yi, da cittarsa da kanumfarinsa. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ba ta taɓa ganin mai noma don ɓoyo ba, ga masu nema har ƙofar gida. Ko baƙi aka yi ba na fitarwa, don na san suna kurɓa za su ce a gaida Yaya. Da la'asar in na gama aiki nakan jiƙa kofi biyu, in kai wa Baba ɗaya a zaure. Yakan shanye tas, ya miƙo kofin ya ce in ƙaro, kuma bai taɓa cewa ya yi daɗi ba.